Mayafin Wuyan Auta

…a'a, ƙasa tukuna, sannan sama. Ƙasa, sama, ƙasa. Yauwa. Yana tura ɗan kwalin da aka naɗe wa zaren ulu, kwalin na fitowa ta ɗaya gefen, yana ɗaukar cokali mai yatsu yana danne layin. Shuɗi a kan shuɗi. Wa zai ce tsohon aljihun tebur ne wannan? Kafinta maƙwabcinsa ne ya cire masa gindi, ya jera ƙusoshi ashirin da huɗu a sama, ashirin da huɗu a ƙasa, yana bugawa yana tsiya: "Direba, daga sitiyari sai saƙa?" Eh ɗin, sai saƙa. Ranar da ya ga ƙyallen farko ai baki ya saki, ɗan rainin hankali.

Hannun hagu ya zame daga kan katako. Ya sa na dama ya ɗago shi, ya mayar. Zauna nan, malam, ka danne mana, ba a ce ka yi komai ba. Shekara talatin da ɗaya hannun nan yana riƙe da sitiyarin babbar mota, shi kaɗai, in na dama na kan giya… yanzu kuma sai lallashi, kamar baƙon da bai san kowa a gidan ba.

Kofin shayi ne ya fara faɗuwa. A tasha, da safe, ana loda kaya. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ƙasa ta taso ta same shi. Wata bakwai ke nan da hannun ya shanye. Takwas? Bakwai da 'yan kwanaki. Bar wannan. Sama, ƙasa.

Ita kuma ma'aikaciyar asibitin nan mai gilashi da ƙwallonta na roba — "Baba, matsa, sau ɗari safe da yamma." A matsa, me zai fito? Ruwa? Ya wurga shi ƙarƙashin gado, yana can yana hutawa. Auta ce ta gane shi, ita da ta gado masa taurin kai kaf, ba ta rage wa yayyenta ko kaɗan ba. Ta zauna nan bakin tabarma da wayarta, ta nuna masa wata tsohuwa tana saƙa a kan katako. "Baba, can inda za ni karatu an ce sanyi har ruwan famfo yake daskarwa. Ka saƙa mini abin wuya mana." Wai shi za a yi wa wayo! Ya gane sarai, magani ne aka ɓoye masa a cikin roƙo. Ya karɓa kuwa. Wa zai ƙi?

Aljihun gajere ne, ƙyalle ɗaya bai wuce kamu biyu ba. Huɗu na cikin kwando, wannan na biyar, Maman yara za ta haɗa su da allura. Na farkon… kai, na farkon! Nan faɗi, can tsuke, gefensa kamar titin da ruwa ya cinye. Ya so ya warware, Auta ta fizge ta ɓoye a bayanta. Wai shi ta fi so. Yarinyar nan, ranar da aka haife ta yana kan hanya, kwana uku tsakaninsa da gida, ya tsaya a gidan mai ya saya wa duk wanda ke wurin lemo, har wani da bai san—

Dunƙulen zaren ya gangaro daga cinyarsa.

Bai kai ƙasa ba.

Tsaya. Tsaya tukuna. Cokali na hannun dama, ga shi nan, yana kallonsa. To wa ya…? Babban yatsa da manuni, na hagu, sun maƙale zaren. Suna rawa, amma sun riƙe. Dunƙulen na lilo a ƙasansu. Ba shi ya aike su ba, wallahi bai aike su ba, hankalinsa na can gidan mai!

Kada ka yi ihu. Tsoho da kai. Sake gani dai. Ya saki, ya ce kama — sun kama. Ya saki. Kama… a'a, sun ƙi. To, to, ba faɗa. A hankali. Kama. Alhamdu lillahi! Dariya ce ke taso masa tun daga ciki, ga ruwa na bin gefen hancinsa, bai san wanne zai fara tarewa ba. Ashe kana jina duk watannin nan, munafuki? Kana kwance ana yi maka hidima, ana shafa maka mai, kana jin daɗinka?

"Maman yara!"

"Na'am! Ina zuwa, hannuna da kumfa!"

Bari ta zo a hankali, ba gaggawa. Gwamma ma ta same shi yana yi. Ya kai yatsun kan zaren tsaye, su ɗaga, na dama ya wuce da kwali. Ɗaya. Sun tsallake na biyu, ba komai. Uku. Nauyi kamar ana ɗaga taya, zufa har ta jiƙa masa wuyan riga. Gobe sai ya je asibitin nan da kansa ya ɗauki biron mai gilashi daga kan teburinta, yana kallon idonta. Kafinta kuwa da hagu zai miƙa masa hannu, ya ga ƙarshen tsiya. Maɓallin riga… zai iya maɓalli? Wata rana. Sitiyari fa? Kai, kar ka yi nisa. Sama, ƙasa.

Rana ta matso daga taga ta hau kan katakon, shuɗin ya ƙara haske. Ƙarar kwanuka daga kicin, rediyon maƙwabta, wani na ta danna hon a titi — hon ɗin ƙaramar mota, ba shi da murya. Layi ɗaya. Wani layin. Kwalin ya fara cijewa, wuri ya ƙure, sai da ya zare zaren ya bi da shi da yatsa. Danne. Ƙara dannewa.

Ƙusoshin sama ke nan. Babu sauran inda zare zai shiga.

Ya ƙare? Haka kawai?

Almakashi na nan gefen tabarma. A yanke biyu-biyu, a ƙulla, in ji tsohuwar cikin waya. Ya ɗauka. Kafaɗarsa ta yi lis, hannun hagu ya koma kan cinya, ya yi na yau. Ƙofar waje ta yi ƙara, ga wani abu ana ja a kan siminti, gurrr… tayoyi. Sabon akwatin da Auta ta fita saye. Muryarta na gaba, tana sallama tana dariya, tana cewa a zo a ga launinsa.

Jibi fa aka ce. Wata biyu yana ƙirga layuka, bai taɓa ƙirga kwanakin ba. Jibi… ashe da gaske tafiya za ta yi.

Almakashin na buɗe a hannunsa, bakinsa a kan zaren farko.