Jar Motar Seini

Seini ya shigar da motarsa cikin ambaliyar ruwa a unguwar Aboabo, ta mutu, ya murɗa makulli har sau uku. A na ukun injin ya yi ƙara guda, ya kame.

Jar mota ce ƙirar Jamus, mai ƙofa biyu, irin wadda ake yi don gudu. Da igiya aka jawo ta garejin kawunsa, Masta Zuberu, a Suame.

Duk wanda ya leƙa sai ya ce a sayo wani injin na hannu a ɗora. Zuberu bai yarda ba. Shekara arba'in da biyar yana buɗe injina, bai taɓa ɗora wanda bai ga cikinsa ba. Ya sauke wannan, ya shimfiɗa buhu, ya jera kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya lanƙwasa sandunan fistin biyu. Kwana tara yana zagaya rumfunan Magazin, kasuwar kayan gyaran mota, kafin ya sami irinsu. Ya kai gangar injin aka gyara ramukanta, ya sa sababbin ringi, ya ɗaure kowane noti da hannunsa.

Ran kwana ashirin da shida motar ta tashi.

"Sai ta yi kilomita dubu a hankali," in ji shi. "Ƙarfe sabo ne, bai zauna ba."

Shi da kansa yake jan ta kullum da safe, ya nufi hanyar Ejisu kamar mai ɗauke da ƙwai. Trotro, motocin haya, na wuce shi, kwandastoci na leƙowa suna ihu: "Olman, tsoho, tura ta kake yi?" Ko kallonsu ba ya yi.

Ranar Alhamis Seini ya zo da uwarsa Mamuna, ƙanwar Zuberu. Asabar za a ɗaura masa aure a Ayigya Zango.

"Kawu, na zo karɓar makulli."

"Ɗari huɗu ta yi. Saura ɗari shida."

"Rana ɗaya ce fa. Wallahi a hankali za a ja ta."

"Wa zai ja?"

Seini ya sosa ƙeya. "Farouk."

Zuberu ya san Farouk. Duk Zango an san shi. Shi ne abokin ango da ke shiga gaban ayarin motoci ya take mai, ya yi ta juyi a fili har taya ta yi hayaƙi, 'yan mata na guɗa.

"Minti goma a ƙafar yaron nan, injin ya ƙone. Gobe a ce aikin Zuberu ne."

"Chale, Kawu, duk abokaina sun san da ita za a yi! Na riga na faɗa wa amaryata Rafia a ciki za a ɗauko ta."

"Ni ba chalenka ba ne. Kawunka ne ni, ba abokinka ba."

Mamuna ta gyara mayafi, ta matso, ta sassauta murya. "Yaya, motarsa ce. In ta lalace shi ta lalace wa. Dangin amarya tun daga Tamale za su zo. Kada ka ba ni kunya a gabansu."

Zuberu ya dube ta. Shi ya goye ta tana ƙarama, kuma bai tuna ranar da ta roƙe shi abu ya hana ta ba. Ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"In amarya za a ɗauko, ni zan ja. A bayan ayari."

"A baya?" in ji Seini. "A yi mini dariya? Kawu, don Allah, makullin."

"Ba zan bayar ba."