Kofin Shayin Usta Ramzi

Duk titin da ake kira Haram babu direban kwambi da bai san kunnen Usta Ramzi, babban bakanike, ba. A tada inji kawai, ya juya baya, ya faɗa maka girman injin: dubu da ɗari biyu ne, ko dubu da ɗari uku, ko babban, dubu da ɗari shida. Saboda kunnen nan ake layi a garejinsa. To ga abin tashin hankali: wata shida ke nan kunnen ya mutu, kuma ko matarsa bai gaya wa ba.

Dabara ya samo. Sai ya ɗora kofin shayinsa a kan bambar gaba, ya zauna yana kallo. Ƙaramin inji, shayin ya yi ta kyarma sama-sama. Babba kuwa, har tsalle yake yana lasar bakin kofi.

Sobhi, bakaniken tsallaken titi, shi ya fara zargi. Ranar Juma'a bayan salla sai ga shi da farar kwambi, direbobi sun fi ashirin a bayansa suna tafi.

"Usta, yau za mu ga kunnen nan da ake ta zuzutawa! In ka faɗi, allon garejinka ya sauko."

Ramzi bai ji ba, amma ya ga yatsa na nuna allo, ya gane. Ya daure ya yi dariya, ya ja kujera gaban motar, ya ɗora kofi.

Direba ya murɗa hannu a wajen makulli. Jama'a suka ɓarke da ihu, wani har yana toshe kunne wai ƙara ta dame shi. Ramzi ya zuba wa kofi ido.

Shayi ko motsi.

Wayyo Allah! Ido ma ya tafi ke nan? Ya sake dubawa, sai ya ga ƙuda zaune a kan bamba yana wanke hannu abinsa, hankali kwance.

Ya miƙe tsaye. "Kai, 'yan iska! Ku tada motar mana, ko numfashinta zan auna?"

Wuri ya kece. Direbobi na faɗuwa a kan juna don dariya, mai shayi na buga faranti. Aka tada injin da gaske, ƙuda ya tashi, shayi ya yi tsalle har ya zuba.

"Dubu da ɗari shida! Kuma Sobhi ne ya ɗaura shi, ji yadda yake tari!"

Suka ɗaga shi sama da kujerarsa, yana ganin bakuna a buɗe, daɗi kamar ya kashe shi. Da aka sauke shi sai ya hangi Sobhi tsaye, yana kallon kofin, yana kallonsa. Shi ke nan, an gano shi.

Sobhi ya ɗauki kofin, ya je wurin mai shayi ya ciko shi fal har baki. Ya dawo ya ajiye a kan bamba a hankali, ya tsallaka titi bai gaya wa kowa abin da ya gano ba.