Sitiyarin Motar Baba

Auta mai gyaran talabijin ne, kuma ya daɗe yana son ƙera akwatin wasan tseren mota, irin wanda mutum zai shiga ya zauna ya kama sitiyari. Mijin yayarsa, wanda kowa ke kira Kafinta, shi ya haɗa masa gangar jikin da katako a ƙuryar shagon, har da wurin kujera da wurin miƙe ƙafa. Auta ya saka tsohuwar kwamfuta a ƙasa, ya ɗora talabijin mai ƙaton ƙeya a sama. Saura sitiyari da abin takawa.

Su kuwa daga motar mahaifinsu ya kwanto su. Motar tana bayan gida a lulluɓe da tamfol tun ranar da aka jawo ta daga ramin da ta faɗa da Baba a ciki, haɗarin da ya yi ajalinsa. Babban wansu Dogo, makanike, shi ya yi mata aikin birki ana gobe haɗarin. An bincika, an ce taya ce ta fashe, kuma ba wanda ya taɓa ɗora masa laifi. Duk da haka ya hana kowa taɓa motar, ko kaza ta hau kai sai ya jefe ta. Auta ya ga ai Dogo ba ya ɗaga tamfol ɗin, ta ina zai sani?

Ranar Asabar da hantsi suka zauna haɗawa. Auta ya ɗaure abin murɗa sautin wata tsohuwar rediyo a gindin sandar sitiyarin, ya haɗa su da zoben roba da ya yanko daga tayar keke, don in sitiyari ya juya shi ma ya juya. Totur da birki ya kafe su a kan katako, ya maƙala wa kowanne sifirin ƙofa yadda zai dawo in an ɗaga ƙafa. Kafinta ya shige kujera, tumbinsa na gogar sitiyari.

"Juya hagu har ƙarshe," in ji Auta, idonsa a kan wani layi da ke motsi a allon. "Yauwa. Yanzu dama. A hankali mana, Yaya, ba zarto ba ne."

"To direban ne sabon hannu."

Sitiyari ya zauna daidai, totur ma haka. Birki ne ya ƙi. In an taka sai layin ya koma baya, in an saki ya cika. Auta ya gane ya juya wayoyi biyu ne. Ya jona ƙarfen liƙi ya yi zafi, ya kwanta rigingine ya cusa kansa ƙarƙashin katakon, a tsakanin ƙafafun Kafinta. Shi kuwa Kafinta ya ƙi jira, ya kunna wasan. Motarsa ta nufi kwana a guje, ya danna birki, ta ƙara wuta ta daki bango. Ya fashe da dariya yana bubbuga sitiyari.

"Wayyo jama'a, birki ya tsinke! Wane shegen makanike ne ya yi aikin nan? Ya kashe ni!"

Bai san Dogo na tsaye a bakin ƙofa ba. Ya zo karɓar rediyon matarsa ne. Idonsa ya sauka a kan sitiyarin, ya ga jan zaren da Baba ya nannaɗe a inda fatar ta tsage.

Ya taka ya zo, ya damƙi ƙeyar Kafinta ya buga fuskarsa a sitiyarin. Hanci ya ce ƙas. Ya ɗago shi ya sake bugawa. Jini ya zubo kan rigar Auta da ke ƙasa, ƙafar Kafinta kuma ta shuri haƙarƙarinsa.

"Babban yaya, wasa nake... wallahi wasa..."

"Maimaita! Ka maimaita abin da ka ce!"

Auta ya turo kansa waje, ya rungumi ƙafar Dogo. "Yaya, ni na ciro! Ni ne, ba ruwansa!"

Dogo ya saki Kafinta, ya sa takalmin aiki ya take wa Auta hannu, sannan ya ɗago shi da wuyan riga ya maka shi da kanta. Kwalaye da ƙusoshi suka zubo musu a ka. Ya kai masa naushi a baki, Auta ya ji haƙori ya motsa. Hannayen Dogo suka koma maƙogwaronsa, hannayen da ke kwance ƙusar taya ba tare da an taya shi ba. Auta ya fara ganin duhu-duhu. Ya laluba tebur, yatsunsa suka faɗa kan marikin ƙarfen liƙi, ya ɗauko ya manna wa wansa a wuya.

Dogo ya kurma ihu, shagon ya ɗauki ƙaurin nama. Ya ja baya yana dafe da wuya, ya waiga, ya ga motar wasan a allo tana ta dukan bango. Ya dunƙule hannu ya kai wa talabijin naushi da dukkan ƙarfinsa. Gilashin ya fashe da ƙara kamar taya, hannun ya shige har gwiwa. Da ya zaro shi, fatar ta rabe tun daga wuyan hannu, jini na tsartuwa har kan bango.

Ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani. Sai ya zauna a cikin gilasai.

Kafinta ne ya fara motsi, ido ɗaya a kumbure, jini na bin gemunsa. Ya fizgo ragowar robar keke, ya ɗaure damtsen Dogo tamau, ya cusa sukudireba a ƙullin ya murɗa.

"Riƙe nan, Auta. Ka saki, ya tafi."

Mai shagon fenti na kusa ya kawo motarsa ta ɗaukar kaya. Suka kwanta su uku a baya. Dogo na rawar sanyi, leɓensa ya yi fari. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na ɗaure birkin Baba, Auta. Na san na ɗaure shi da kyau."

"Kowa ya sani, Yaya."

"Ni ban sani ba."

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ku kuma me ya same ku haka?"

Kafinta ya cire tsumman da ke hancinsa. "Haɗarin mota, 'yar'uwa."

An ɗinke hannun, amma jijiya ta yanke, yatsu biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Hancin Kafinta ya warke a karkace, matarsa kuma ta daina shiga sashen Dogo, ko a hanya suka haɗu sai ta kau da kai. Auta ya rasa haƙorin. Yanzu kullum da safe, kafin ya buɗe shago, yana biyawa ta garejin wansa ya kwance masa ƙusoshin da suka gagari hannu ɗaya. Dogo ya nuna da baki, Auta ya ɗauki sifana. In ya gama ya goge hannu ya ce, "Na tafi, Yaya," Dogo ya gyaɗa kai.