Kafaɗar Nafi'u

"Ko Ƙaura Namoda ta ƙone ƙurmus, hoto guda nawa ba ya ɓacewa." Haka maƙwabcinmu Armiya'u mai hoto ke cewa. Wai duk aikinshi na cikin "kilawud", wato rumbun wani kamfani a intanet. Sai ya maimaita kalmar, ko akwai wanda bai ji ba.

Ranar da ya gama zuba hotunanshi can, ya kwashe hotunan takarda, kwali guda, ya ba Inna Muhsina mai ƙosai tana ɗibar yaji da su.

"Takarda ta ƙauyawa ce, ɗiyata," ya ce mini.

Ciwon hanta ya kwantar da shi cikin damina. Ni ke kai mai kunu. Rannan na iske wata tsohuwa daga Galadi zaune bakin ƙofa. 'Yan bindiga sun kashe ɗanta Nafi'u kan hanyar Shinkafi, matarshi ta haihu bayanshi.

"Malam, kai ka ɗauke shi ranar aurenshi. So nike yaron ya san fuskar ubanshi."

"Ƙaramin aiki, Inna. Anisa, buɗe mata kilawud."

Na buɗe wayarshi. Ba komai sai saƙo. Turancina a waya na koye shi, amma ya isa: tun bara kamfanin ya daina sayar wa 'yan kasuwa rumbu shi kaɗai. Ko ka sayi babban tsarinsu, ko ka kwashe kayanka kafin wa'adi. Wa'adin ya wuce. Saƙonnin gargaɗi na nan jere, ko ɗaya bai buɗe ba.

"Baba, sun share."

"Ke mi kin sani? Sabis ne ba shi da ƙarfi."

"Sabis cike yake."

Ya juya fuska bango. "Ta dawo gobe."

Ta dawo, ta iske ana shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gidanshi. Ta yi gaisuwa, ta ce Allah shi jiƙanshi, ba ta ƙara maganar hoto ba. Ni na ja hannunta zuwa wurin Inna Muhsina.

Hotunan saura kaɗan a ƙasan kwalin, duk sun sha mai. Muka zauna bakin kasko muna dubawa. Amaren wasu, jariran wasu, wani alhaji da sabon babur. Inna Muhsina ta bar ƙosai na ƙonewa tana taya mu.

Can tsohuwar ta tsaya kan guda. Taron ɗaurin aure ne, an yage gefe, yaji ya ci rabin mutanen.

"Ga shi nan."

Na ce, "Inna, babu fuska. Kafaɗa ce da kunne."

"Na sani. Ni na haife ta."

Ta goge yajin da bakin mayafinta a hankali, ta cusa hoton cikin riga. Ƙasan hoton, hatimin shagon na nan da jan tawada: Armiya'u Dijital, Ba Ma Ɓacewa.