Birkin Taraktar Barau

"Birki tukuna," in ji Sajo daga kan dakali. "Sau nawa zan gaya maka? Birki, sannan makulli, sannan ka koma kan injin."

Barau ko ɗago kai bai yi ba. "Ku ji min Bafillace! Kai da ba ka san komai ba sai wutsiyar saniya, kai za ka koya min gyaran tarakta? Abin da bai tashi ba, me za a tsayar?"

Haka suke tun suna samari. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Ɗanzomo. Barau Bamange ne, dangin Barebari, Sajo Bafillace, saboda haka akwai wasa tsakaninsu: kowa cewa yake ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ko za a shekara ana musu, ba wanda zai ce wa wani ka yi gaskiya.

Taraktar kuwa tsohuwa ce tukuf. Da rani Barau ya sa aka jawo masa ita daga Maigatari, ya ci alwashin sai ta yi masa huɗa a daminar bana. Ya wanke tanki, ya canja baƙin mai, ya kai famfon gas Gumel aka gyara. Birki da makulli ya ce su jira. To ƙofar gidansa gangare ce, ta zarce har kududdufi, don haka a giya yake barin taraktar kada ta gangara. Da yake kuma babu makulli, a ƙasa yake tsayawa, gaban tayar baya, ya haɗa wayoyin kik da sukudireba. Kullum kafin ya gwada yakan hau ya cire giyar, kullum kuma sai ta yi ɗan tari ta yi gum, Sajo ya yi ta ƙyaƙyata dariya.

Da hantsin nan ya gama ɗaura famfon, cike da zumuɗi.

"In dai wannan gawar ta tashi yau," Sajo ya ce, "na yarda ni ne bawan."

"Ka maimaita, Allah yana ji!" Barau ya warci sukudireba ya sunkuya. Bai hau ba.

Ta tashi. Bugu ɗaya ta kama, da wata irin ƙara da ta tashi tantabarun unguwa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Sajo ya ga haƙoran Barau a waje, Barau ya juyo zai yi masa gori. Sai taraktar ta zabura. Tayar baya, wadda ta kai ƙirjin mutum tsawo, ta kwashe shi ta bi ta kansa, ta wuce abinta har ta daki gindin darbejiya ta mutu.

Sajo bai san lokacin da ya sauko daga dakalin ba. Dariyar ma ba ta gama barin fuskarsa ba, sai ga shi durƙushe, ya ɗora kan Barau a cinyarsa. Babu wani jini mai yawa, abin da ya ƙara tsorata shi ke nan.

"Ka ji ta?" Barau ya ce, murya can ƙasa. "Ta tashi."

"Na ji, na ji. Bar maganar nan, Barau. Yi salati."

Safara'u, matar Barau, ta fito da muciya a hannu tana cewa, "Malam, ta tashi ke nan?" Da ta ga abin da ke ƙasa sai ta yi tsaye cak, kuka ma ya ƙi zuwa. Maƙwabta suka taru, aka samo mota. Ba su kai Gumel ba rai ya yi halinsa, a hannun Sajo, yana ta laƙƙana masa kalmar shahada. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa.

Washegari ana zaman makoki, Sajo na zaune kamar an dasa shi. Mutane na yi masa gaisuwa yana amsawa, amma shi dai bai yarda ba. Mutum yana tsakiyar yi maka gori, a ce ya tafi? Sai ga babur ya tsaya. Habibullah ne, mai shagon kayan gyara a Gumel, da wani ƙunshi a takardar buhun siminti. Ya dubi tabarmi da jama'a.

"Lafiya? Malam Barau nake nema."

Aka gaya masa. Ya yi salati, ya zube a bakin tabarma.

"Shekaranjiya fa ya zo shagona," ya ce daga baya. "Kayan birki ya sa na nemo masa. Ya ce maƙwabcinsa ya yi gaskiya, yau zai ɗaura. Har ya ja min kunne, ya ce in shigo da su ta bayan gida, kada bawansa ya gani ya samu bakin magana."

Sajo ya miƙa hannu, Habibullah ya ba shi ƙunshin. Ya ɗora a cinyarsa, bai kwance ba. Aka kira azahar, jama'a suka tashi alwala ɗaya bayan ɗaya, shi yana nan zaune, maiƙo yana ratsa takardar yana sauka a farar rigarsa.