Bishiyar Florian

Wajen ƙarfe takwas na safe ne, yayyafi na sauka a hankali, Remek ya tsaya a bakin gandun dajin yana kokawa da safar hannu da ta yi masa kaɗan. Dajin dai suna ne kawai ya rage. Guguwar watan Agusta ta kwantar da bishiyoyin gefe guda, wasu ta tumɓuke su da saiwa, wasu ta karya su a tsakiya ta bar su tsaye kamar guntayen haƙora. Babu inuwa, babu kukan tsuntsu. Sai ƙamshin ƙaro da ya cika wurin har yana hawa kai.

Duk waɗanda suka zo aikin 'yan wasan ɓoyon akwati ne. Wasan nasu ba wuya: mutum ya ɓoye ɗan akwati a daji, ya sa lambobin wurin a intanet, wasu su bi lambobin da waya har su gano shi. Sun daɗe suna yawo a dajin nan, shi ya sa da aka nemi masu taimako su suka fara amsawa. Pan Zenon, wato Malam Zenon a yarensu, ma'aikacin gandun, ya raba musu buhunan shara, ya ce duk abin da ba daji ne ya haife shi ba a jefa a buhu, domin gobe injuna za su shigo su janye gumaguman da ke wannan ɓangare.

Bogna, malamar makaranta mai saurin baki da saurin ƙafa, ita ta ja rukunin gaba. Ta waiwayo ta dubi Remek, ta kira shi da sunan da aka san shi da shi a wasan.

"Kunkuru, ka biyo mu a hankali, kada ka ji ciwo. In mun gama ma aiko maka da hoto."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. A shagon facin taya da yake aiki a garin Chojnice ma haka ake tsokanarsa, ya saba.

Har rana ta ɗaga yana baya shi kaɗai, yana tsintar guntayen kwanon rufi da ledojin da iska ta kwaso daga ƙauyuka. Ya zauna kan wani gungume zai ci burodinsa da kokwamba mai tsami ke nan, sai ya hango mutum tsaye can tsakiyar karyayyun bishiyoyi, ba motsi. Sai da ya ƙura ido ya ga tsohuwa ce, cikin baƙar riga mai kauri irin ta zuwa coci, da jaka a hannu. Ta ɗan yi gaba, ta tsaya, ta juya, ta koma inda ta fito.

Ya je ya gaishe ta, ya ce wurin nan da hatsari, bishiyoyin da suka rataye kan juna suna iya faɗowa. Ba ta dube shi ba. Ta ce sunanta Genowefa, kuma ta san dajin nan tun ba a haifi ubansa ba. Sannan muryarta ta sauka. Mijinta Florian ya fito tsintar laimar kwaɗi irin wadda ake ci, shekarun baya, bai koma ba. Washegari aka same shi zaune, ya jingina da wata bishiya, kwandonsa a cike, zuciyarsa ta tsaya. Ita ta buga ɗan farantin ƙarfe mai sunansa a jikin bishiyar. Kabarinsa yana maƙabarta, amma ita a nan take zuwa su yi hira. Hanyar kuwa da bishiyoyi ta san ta: mai reshe biyu, sai wadda tsawa ta ƙona, sai a karkata hagu. Yanzu duk sun kwanta. Tun bayan guguwar take zuwa tana zagaye.

"Na ji an ce gobe za a kwashe su," in ji ta. "In aka kwashe shi ban gan shi ba, ɗana, ina zan riƙa zuwa?"

Remek ya san farantin. Akwatinsa na farko a wasan nan kusa da bishiyar ya ɓoye shi, yakan ma ga jajayen gilasan kyandir a gindinta, ya rage murya in ya zo wucewa. Ya ciro wayarsa ya buɗe lambobin. Ya kira ta da lakabin girmama mata na yarensu, ya ce, "Pani Genowefa, ki riƙe hannuna."

Tafiyar da a da ba ta kai shan kofin shayi ba, ta ɗauke su lokaci mai tsawo. Yana ɗaga mata rassa, yana tallafa ta tana tsallake gungume. Da kibiyar wayar ta nuna sun iso, ya ɗaga kai. Bishiyoyi sun fi goma kwance kan juna, duk iri ɗaya, duk kauri ɗaya. Waya tana kai mutum kusa ne kawai, sauran aikin ido ne. Ya duba jikin kowace, babu faranti, babu gilashi. Ƙasar wurin tsaf, ko guntun leda babu. Tsabtar ce ta sa ya gane abin da ya faru.

Ya zaunar da tsohuwar, ya ce ta jira shi. Ranar 'yan wasan suka fara ganin Kunkuru yana gudu. Ya iske su a bakin hanya suna shan shayi kusa da tarin buhuna, bai yi wa kowa magana ba, ya fara kwance bakin buhu yana zazzagewa. Wani ya ce ko zinariya ya ɓoye a ciki. Bogna ta taso da faɗa, aikin safiya guda yake watsar musu. Da ya gaya mata farantin ƙarfen da yake nema, sai ta ajiye kofinta a ƙasa.

"Ni na ɓamɓare shi," ta ce. "Ya yi tsatsa, na ɗauka tsohon allon hanya ne. Har da furannin roba na kwashe."

Ita da kanta ta gano buhun. Farantin ya lanƙwashe a gefe, amma in aka goge da yatsa sunan yana fitowa. Remek ya tambaye ta daga wace bishiya ta cire shi. Ta ce tun safe bishiyoyi take gani, duk sun zame mata ɗaya.

Tare suka koma, Pan Zenon na biye da su da ƙaramin gatari. Ba su sami tsohuwar inda aka bar ta ba. Ta sauka ƙasa mai laima, ta jingina bayanta da gindin wata bishiya da ta tumɓuke, saiwoyinta sun yi sama kamar yatsu. Idonta a rufe, leɓunanta na motsi.

Remek bai so ya katse ta ba, ya shiga bin gumaguman ɗaya bayan ɗaya yana shafa ɓawonsu da tafin hannu. A jikin wata daban, can nesa da wadda take jingine da ita, ya ji su: ramukan ƙusa huɗu, da tabon tsatsa a tsakaninsu, ƙaro na tsattsafowa daga sabon rauni. Ya juyo zai kira ta.

"Ga shi nan," in ji Genowefa, ba ta buɗe ido ba. Ta bubbuga gindin da ta jingina da shi. "Ina zama na ji shi. Florian, ka wahalar da ni, tsohon banza. Kullum sai an neme ka."

Bogna ta ga inda hannun Remek yake, ta ga ramukan. Suka dubi juna. Yayyafin ya ɗan ƙaru. Remek ya daɗe a tsugune, sannan ya janye hannunsa, ya karɓi gatarin Pan Zenon, ya miƙar da ƙusoshin da suka rage a farantin. Ya tambayi tsohuwar daidai ina take so. Ta nuna da yatsa, ya buga da bayan gatari. Ƙarar ta tafi nesa cikin filin da babu abin da zai tare ta, ta dawo musu kamar wani yana bugawa a can.

Genowefa ta ciro sabon kyandir daga jaka, ta kunna, ta kare shi da hannu har ya kama. Ta ci gaba da magana ƙasa-ƙasa, tana ba mijinta labarin rufin maƙwabta da iska ta ɗauke, da kuɗin magani da ya tashi. Da ta gama ta miƙe da kanta, ta kakkaɓe rigarta, ta ce motar ƙauyensu ba ta jiran kowa. Bogna ta kama mata jaka suka nufi hanya. Ba ta waiwayo ba.

Remek ya tambayi Pan Zenon ko akwai yadda za a yi masu injuna su bar wannan gungumen. Pan Zenon ya ce akan bar wasu su ruɓe a wurinsu saboda ƙwari da tsirrai, alamarsu ƙyalle ne ruwan ɗorawa. Ya zaro ɗauri daga aljihu, ya yanko guda ya miƙa masa.

"A ƙaro mini ɗaya," in ji Remek.

Pan Zenon ya dube shi, ya dubi bishiyoyin, bai tambayi dalili ba. Ya yanko ya ba shi, ya bi bayan matan.

Remek ya ɗaura na farko a bishiyar da ke da faranti. Sannan ya tsallaka gefe, ya zagaya na biyun a jikin mai ramukan ƙusa, ya ƙulle shi sau biyu don kada iska ta kwance. Ya ɗauki buhunsa ya ci gaba da tsinta daga inda ya tsaya.