Ranar da Waya Ta Rufe Bakin Wiebe

A duk kasuwar shanu ta garin Leeuwarden ba a yi dillali mai baki kamar Wiebe Postma ba. Ya bar kasuwa da tsufa ya zo, amma bakin bai yi ritaya ba. Matarsa Aukje takan ɗauko magana da safe, ya warce ta daga bakinta, sai ta zo kwanciya ta tuna ba ta ƙarasa ba.

Da likita ta ce jininsa ya hau, 'yarsu Femke ta kawo na'urar awo mai ɗamara, ta saka masa manhaja a waya, ta haɗa su.

"Baba, kullum da safe ka zauna ka jingina, minti biyar ba motsi ba magana. Sai ta auna ta tura wa likita."

"Minti biyar? Ai a minti biyar nakan sayar da shanu uku!"

"To, nan ba kasuwa ba ce."

Matsalar ita ce Wiebe bai iya magana ba sai da hannu, irin na masu tafawa wajen ciniki. Yana buɗe baki hannu zai tashi, wayar ta yi ƙara ta ce an motsa, a sake daga farko. Sau uku ya sake ranar farko, yana huci. Aukje tana yanka cuku tana kallonsa, can sai ta ajiye wuƙa ta ja kujera ta zauna gabansa.

"Tsoho, kana jina? Miyar waken nan da kake ta yabo, wai irin ta mahaifiyarka, tun sanyin bara na rage mata gishiri. Ko a jikinka."

Idanun Wiebe suka yi waje. Ya dubi wayar, ya dubi matarsa, ya haɗiye maganarsa kamar ƙashin kifi.

Daga ranar abin ya zame mata jiki. Da ya ɗaura ɗamara sai ta zo da kofin gahawarta. Ta gaya masa koriyar hular nan ba ta yi masa kyau. Ta gaya masa cewa labarinsa na bijimin da ya tsere cikin coci ta ji shi har ta haddace, kuma duk shekara bijimin ƙara girma yake. Da an gama awo Wiebe ya ɓalle ɗamara ya rama da ruwan magana, ita ko ta yi ta dariya. Lambobin wayar dai suka riƙa sauka a hankali, tsakanin magani da rashin gishiri da tukin keke da manhajar ke tuna masa da yamma.

Wata safiya ta zauna ba ta yi tsokana ba.

"Ina yarinya a tsibirin Ameland, mahaifina yakan ɗauke ni a keken doki mu je bakin teku tsintar katakon da ruwa ya kawo. Rabona da wurin tun bikin ƙanwata. Na sha ɗauko maganar."

Wayar ta yi ƙara, lamba ta fito koriya, alamar jini ya daidaita. Wiebe bai ko dube ta ba. Shekaru nawa suna tare, bai san da keken doki ba. Kunya ta ɗan kama shi, sai ya gyara zama.

"Ci gaba mana. Ya sunan dokin?"

"Kai! Lafiyarka kuwa?"

"Waya ta ce lafiyata ƙalau. Ya sunan dokin?"

Ranar Asabar suka tura kekunansu cikin jirgin ruwa mai zuwa Ameland. Ana yayyafi, iska tana kaɗa rigunansu. Aukje ta sayo soyayyen dankali, ta ce wa mai sayarwa kada ya barbaɗa komai a na mijinta. Kafin ta dawo Wiebe ya tara mutane a saman jirgi, hannu na tashi, yana ba su labarin wata yarinya da dokin mahaifinta, wanda a cewarsa ya ja rabin jirgin da ya nutse shi kaɗai.

"Katako biyu ne, Wiebe," in ji ta.

"Ku ji daga bakin mai labarin," ya ce, ya matsa mata wuri a benci, ya karɓi dankalinsa ya fara ci yana yatsine fuska.